Darasinmu Na Wannan Fitowa: Yadda Za Ki Haɗa Hotuna A Kwamfuta Ba Tare Da Asirin Gidanki Ya Fita Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya suturta mu, Ya kuma umarce mu da riƙon amana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Na san wata za ta ga kan wannan darasi ta ce, yau kuma malamar Islamiyya ce ta koma koyar da kwamfuta? To, ki yi haƙuri ki ji dalili tukuna.

Mafarin magana

A wata shekara, ajin matan aure na makarantarmu suka zo saukar Alƙur'ani, su 14. Aka ɗora mini nauyin buga kalandar da za a raba ranar walima. Na tattara hotunan, na nufi Titin Ibrahim Taiwo da ke Fagge, maƙwabcin Kantin Kwari, ba nisa da Sabon Gari. Duk wadda ta san Kano ta san wurin nan da cinkoso da hada-hada, ga 'yan kasuwa, ga masu kwamfuta da buga takardu. Sunan titin kuwa na Kanar Ibrahim Taiwo ne, gwamnan soja na Jihar Kwara, wanda aka kashe a yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala Muhammad.

Na shiga wani shago, aka ba ni benci na zauna jiran layi. Yaron da ke kan kwamfuta yana neman aikin wani, sai ya riƙa buɗe folda yana rufewa. Can sai ga hotunan wata amarya ranar ƙunshi, kai ba ɗankwali, daga ita sai ɗaurin ƙirji, ƙawayenta kewaye da ita ana dariya. Maza uku ne tsaye a bayansa, kowa ya gani. Ba wanda ya yi wata magana, yaron ma ba da gangan ya buɗe ba. Amma wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Na tabbata baiwar Allah nan hoto ɗaya aka nema don katin biki, aka miƙa filash ɗin gaba ɗaya, aka kwafe komai. Ita tana can ɗakin mijinta, ba ta fita sai da hijabi har ƙasa, ba ta san ana kallon ta a kasuwa ba.

Ba ina zargin masu wannan sana'a ba ne. Da yawansu mutanen kirki ne masu neman halalinsu. Sai dai kwamfutar shago kamar tabarmar masallaci ce, kowa na iya zama a kai. Daga ranar na ƙudurta sai na koyi aikin nan da kaina, kuma da na koya sai na ga ashe bai kai yadda muke tsoron sa ba. Wadda ta iya haɗa miyar taushe ba za ta kasa shi ba.

Na ɗaya: matsayin hoto a wurin malamai

Ba ya halatta ga Musulmi ya shiga wani aiki sai ya san hukuncin Allah a kansa, don haka da wannan za mu fara.

Hadisai ingantattu sun zo a Buhari da Muslim masu tsoratarwa game da suranta abu mai rai. Cikinsu akwai labarin Nana A'isha (R.A.) da ta rataya labule mai hotuna, Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna ƙin sa, har aka yanka shi aka yi matasai da shi. Malamai ba su yi saɓani a kan haramcin gunki ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka yanke haramcinsa shi ne sura mai jiki, cikakkiya, wadda take da inuwa. Wadda aka zana a takarda ko a tufafi kuwa, sun sanya ta a babin karhanci idan ba wulaƙanta ta ake yi ba.

Da kyamara ta zo, sai malaman zamani suka rabu. Shaikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, tsohon Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya tafi a kan halacci, domin a ganinsa kyamara kama inuwar abin da Allah Ya halitta kawai take yi, kamar madubi. Shaikh Yusuf al-Ƙardawi ma a kan haka ya tafi. Shaikh Ibn Usaimin ya ce hoton da na'ura ke ɗauka nan take bai shiga cikin surantawar da aka hana ba, sai dai a dubi manufar ɗaukarsa, kuma bai yarda da rataya shi ko ajiye shi don tunawa ba. Shaikh Ibn Baz kuwa ya hana, in ban da na larura kamar na fasfo da katin shaida.

Saboda haka 'yar uwa, idan ke da maigidanki kuna bin malaman da suka hana, darasin nan bai wuce ki ba. Za ki iya haɗa hoton masallaci da allo da furanni da rubutu, babu abu mai rai ko ɗaya, kuma ya yi kyau. Idan kuna bin waɗanda suka halatta, to ki sani su ma ba su halatta hoton tsiraici ko na yaudara ba. A nan kam bakin malamai ɗaya ne.

Allah Ya lissafa a Suratun Nur, aya ta 31, waɗanda ya halatta mace ta bayyana adonta a gabansu. Mai shagon hoto ba ya cikinsu. Haka kuma Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) cewa an hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama tamkar yana ganin ta. To idan siffantawa da baki aka hana, ina ga hoton da ke nuna komai?

Na biyu: kayan aiki

Abin da muke son yi shi ne haɗa hoto biyu ko uku a takarda ɗaya, gefen kowanne ya narke a cikin ɗan uwansa, ba a ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Irin wanda kike gani a kalandar biki da bangon littafi.

Manhajar da ta fi shahara da wannan aiki ita ce Photoshop. Wasu 'yan uwa biyu a Amurka, Thomas da John Knoll, su suka ƙirƙire ta, kamfanin Adobe ya fitar da ita a 1990. Tun daga 2013 sababbin fitowarta haya ake biya, wata-wata ko shekara-shekara. Akwai kuma GIMP, wadda kyauta ce tun fitowarta a 1996, kuma duk abin da za mu yi a nan tana iya yin sa. Na ambace ta ne don kada wata ta ce sai ta sa an saka mata manhajar sata. Masu shaguna da yawa kuma da CorelDRAW suke tsara kati da kalanda. Zan yi bayani da Photoshop, a ƙarshe in faɗi inda GIMP ta bambanta. Ko tsohuwar laftof ɗin da maigida ya ajiye za ta wadatar.

Akwai kalmomi uku da nake so ki riƙe.

1. Leya. Ki ɗauka kin je Kwari, mai shago ya shimfiɗa atamfa a kan tebur, ya ɗora leshi a kanta, ya ɗora mayafi a kan leshin. Kowane ƙyalle leya ɗaya ne. Na sama yana rufe na ƙasa, kuma kina iya janye ɗaya ba ki taɓa sauran ba. Haka hotuna suke hawa kan juna a manhajar. Wannan dabara ta shigo Photoshop a 1994.

2. Opasiti. Shi ne kaurin leya. Idan yana kan 100, ya zama kamar hijabi mai kauri, ba a ganin abin da ke ƙarƙashi. Idan kin rage shi zuwa 30, ya koma mayafi shara-shara.

3. Mas. Ni a aji lulluɓi nake kiran sa. Wani farin fili ne da ake maƙala wa leya. Duk inda kika shafa masa baƙi, wannan ɓangare na hoton zai ɓuya. Inda yake fari, hoton zai bayyana. Inda yake ruwan toka, hoton zai fito dishi-dishi. Ki haddace: baƙi na ɓoyewa, fari na bayyanawa. Ki kuma lura da kalmar da na yi amfani da ita. Ɓoyewa na ce, ban ce gogewa ba. Za mu dawo kan wannan, don shi ne zuciyar darasin.

Na uku: aikin daki-daki

Bari mu ɗauki misalin katin walimar saukar 'yarki. Hotuna uku muke buƙata: allonta mai zayyana, masallaci ko ginin makarantarsu, sai ita kanta cikin hijabinta riƙe da allo, in kuna sanya hoton mutum.

Mataki na 1: zaɓen hotuna. Ki zaɓi masu haske, waɗanda ba su girgiza ba. Ki lura da inda rana take: idan a wannan hoton haske daga dama ya zo, a wancan kuma daga hagu, duk ƙwarewarki sai ido ya gane haɗi ne. Wayar da kyamararta ke da megafiksel 12 tana ba da hoto mai ɗigo kusan 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, wanda ya isa cika takardar A4. Amma WhatsApp yakan rage girman hoto idan an tura shi yadda aka saba. Ki kwafe shi daga wayar da kebul, ko a turo miki shi a matsayin fayil.

Mataki na 2: shimfiɗa fili. Ki buɗe manhajar, ki danna Ctrl da N tare. Za a tambaye ki girma. Ga A4, wato milimita 210 da 297, ki rubuta faɗi 2480, tsawo 3508 a ma'aunin fiksel, yawan ɗigo a kowane inci kuma 300. Idan babbar kalanda ce ta A3, 3508 da 4961. Wannan 300 ɗin shi ne abin da masu ɗab'i suke so. Idan ya yi ƙasa sosai, hoton zai yi kyau a kwamfuta amma a takarda ya fito a farfashe.

Mataki na 3: hoton ƙasa. Ki jawo hoton allon daga foldarsa ki sake shi a kan farin filin. Ki ja ɗaya daga kusurwoyinsa har ya cika takardar, ki danna Enter. Idan daga baya kina son gyara girmansa, Ctrl da T. A tsofaffin Photoshop sai kin danne Shift yayin ja, in ba haka ba hoton zai miƙe, ki ga yarinya siririya ta koma gajera mai faɗi. Daga fitowar 2019 manhajar da kanta take kiyaye wannan. Tunda allon bango ne kawai, ki rage opasitinsa zuwa 40 ko 50 don kada ya yi kishi da sauran. Wurin ragewar yana saman akwatin leya da ke hannun dama. In ba ki ga akwatin ba, danna F7.

Mataki na 4: hoto na biyu. Ki jawo hoton masallacin kamar yadda kika yi wa na farko. Zai hau sama a matsayin sabuwar leya. Danna V, ki ja shi zuwa saman takardar. Yanzu za ki ga gefensa a yanke tsaf kamar an liƙa shi da gam. Wannan yankan muke son narkarwa.

Mataki na 5: sanya lulluɓi. Ki tabbata leyar masallacin ce a zaɓe. A ƙasan akwatin leya akwai ɗan murabba'i mai da'ira a tsakiyarsa. Danna shi. Farin akwati zai bayyana kusa da ƙaramin hoton masallacin. Lulluɓin ke nan.

Mataki na 6: narkarwa. Danna G, sannan D don launukanki su koma baƙi da fari. Idan bokitin fenti ne ya fito miki, danna Shift da G har ki sami giradiyen, wato abin da ke zuba launi daga baƙi yana dusashewa zuwa fari. Ki ɗora linzami a gefen ƙasa na hoton masallacin, ki danne, ki ja layi zuwa tsakiyarsa, ki saki. Nan take ƙasan hoton zai narke cikin allon. Idan ɓangaren da kike so ne ya ɓace, kada hankalinki ya tashi: Ctrl da Z, ki sake ja daga ɗaya gefen. Gajeren layi yana ba da narkewa mai kaifi, dogo yana ba da mai taushi. Ki yi ta gwadawa, ba abin da zai lalace.

Mataki na 7: burushi. Ki jawo hoton yarinyar, ki ajiye shi a ƙasa ko a tsakiya, ki sa masa nasa lulluɓin. A nan burushi ya fi dacewa, tunda duk kewayenta za a narkar. Danna B, ki danna linzamin dama a kan hoton, ki mayar da taurin bakin burushin zuwa 0. Maɓallan nan biyu masu kama da ƙugiya da ke kusa da harafin P su ne na ƙara girmansa da ragewa. Da baƙin launi ki riƙa shafa bayanta a hankali, bango da kujera da igiyar shanya duk su ɓuya. In kin ci gefen hijabinta, danna X, launi zai koma fari, ki shafa ya dawo. Idan kin matso kusa da jikinta ki rage ƙarfin burushin zuwa 30 ko 40. Babban kuskuren masu koyo shi ne su shafa baƙi a kan hoton kansa. In kin ga baƙin fenti yana fitowa a fuskar yarinya, kin sauka daga kan lulluɓin ne. Koma baya, ki danna farin akwatin tukuna.

Mataki na 8: daidaita haske. Wani hoton da rana aka ɗauke shi, wani a ɗaki. Ki danna ƙaramin hoton da ya yi duhu a akwatin leya, sannan Ctrl da L, ki ɗan motsa ƙaramar alamar tsakiya har haskensa ya yi kusa da na sauran. Idan launin wani ya yi yawa, Ctrl da U, ki rage shi. Gishiri ne, kaɗan ake sawa.

Mataki na 9: rubutu. Danna T, ki danna inda kike so, ki rubuta suna da rana da wuri. Ki kula da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane salon rubutu ke da su ba. In kin ga ɗan akwati ya fito a madadinsu, ki canja salo. Kada ki bar su, domin "baƙi" daban, "baki" daban. Larabci kuma wani lokaci yakan fito a rarrabe ko a juye, don haka ki nuna wa wanda ya iya kafin a buga. Shawarata ma ita ce kada ki sa ayar Alƙur'ani a katin gayyata ko sitika ko mafici. Mun sha ganin inda suke ƙarewa bayan biki: a bola, ko a hannun mai ƙosai.

Duk bayan mataki ɗaya ki danna Ctrl da S. Kin dai san halin wutar lantarki.

Ga mai GIMP: Ctrl da Alt da O ke shigo da hoto a matsayin leya, M ke motsa shi, Shift da S ke gyara girma, P ne burushi, G kuma giradiyen. Lulluɓi kuwa, ki danna linzamin dama a kan leyar ki zaɓe shi, ki ce fari kike so. Sauran duk ɗaya ne.

Na huɗu: lulluɓi ba ya gogewa

Yanzu mu dawo kan maganar da na ce ki riƙe. Idan kika ajiye aikinki yadda manhajar ta saba, zai zama fayil mai suna PSD a ƙarshe, a GIMP kuma XCF. Wannan fayil yana ɗauke da kowace leya cikakkiya, har da duk abin da kika rufe da baƙi. A ce a hoton 'yarki akwai ke a gefe, kina zaune ba ɗankwali, kika shafe kanki da burushi. A fuskar kwamfuta kin ɓace. Amma duk wanda ya buɗe wannan fayil, da dannawa ɗaya zai ɗage lulluɓin ya gan ki kamar yadda kike.

Saboda haka fayil biyu za ki yi. Na farko PSD, wannan na gida ne, ba ya ƙetare ƙofa. Na biyu JPEG, wanda ke manne leyoyin duka su zama hoto ɗaya, abin da aka ɓoye ba ya biyo shi. A Photoshop ki danna Ctrl da Alt da S, ki zaɓi JPEG, ki kai ingancinsa ƙarshe. A GIMP, Shift da Ctrl da E. Ki rufe manhajar, ki buɗe JPEG ɗin shi kaɗai, ki ƙara girmansa ki duba lungu-lungu, don wani lokaci shafar ba ta kai ba, inuwar mutum tana nan dishi-dishi. Mafi aminci dai, hoton da ke da abin da bai kamata a gani ba, kada ma ki fara aiki da shi.

Sai waɗannan ladubba idan za a kai bugu:

1. Ki tanadi filash na musamman wanda ba a taɓa zuba hotunan gida a ciki ba. Abin da aka goge daga filash ko memori sau da yawa ana iya dawo da shi da wata manhaja.

2. Hoto ɗaya tak za a kai. Kada a miƙa waya a ce "duba ka zaɓa".

3. A fara buga ƙarami a gani, domin takarda takan fi fuskar kwamfuta duhu.

4. Wanda aka aika, maigida ne ko ɗanki, ya tsaya har a gama, ya roƙi a goge fayil ɗin a gabansa har daga kwandon shara na kwamfutar, ya kuma karɓo waɗanda suka lalace wajen bugu.

5. Idan da waya kike haɗin, ki sani wasu manhajojin sukan tura hoton zuwa rumbun kamfaninsu ta intanet kafin su gyara shi. Hoton sirri ba na nan ba ne. Haka in za a kai waya gyara, a cire memori, a kwashe hotuna.

6. Hoton ƙawarki ko ɗalibarki amana ne. Ki nemi izininta, ita kuma ta nemi na mijinta. Allah Ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58.

Mu mutanen Kano mun ga aya a 2007, lokacin da wani bidiyon sirri da aka ɗauka da wayar hannu ya yaɗu a gari daga waya zuwa waya, har ta kai an dakatar da shirya finafinan Hausa na wasu watanni. Ban kawo wannan don tonon silili ba, Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya. Na kawo shi ne don mu tuna cewa a wancan lokaci ba WhatsApp ba TikTok, amma abin da ya fita bai komo ba. To ina ga yau?

Na biyar: wuƙar da ke yanka albasa

Ilimin nan wuƙa ne, tana yanka albasa, tana yanka yatsa. Akwai abubuwa uku da nake roƙon ki don Allah ki nisance su.

Na farko, yaudara. Ana neman auren 'yarki ko ƙanwarki daga nesa, a ce a turo hoto, sai a wanke ta ta koma fara sol, a rage nan a ƙara can. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, busasshen kuma a sama, sai ya barranta daga mai algus. Gyara haske don a ga fuska sosai ba laifi ba ne. Sauya kama kuwa algus ne, kuma ranar da aka kai amarya ba lulluɓin kwamfuta da zai bi ta.

Na biyu, cin mutunci. Ɗora kan wata a jikin wata, ko haɗa hoton kishiya da wani namiji, ko mayar da wata abin dariya a zauren WhatsApp. Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana izgili, har ta ambaci mata a keɓe. Suratun Nur, aya ta 19, ta yi alkawarin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Ko a dokar ƙasa, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta sanya tura hotunan batsa ta kwamfuta cikin laifuffukan da ake hukuntawa.

Na uku, gaskata duk hoton da aka turo. Ke da kanki yanzu kin ga yadda ake ɗora mutum a inda bai taɓa zuwa ba. Ballantana a wannan zamani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke ƙera hoton ƙarya cikin daƙiƙoƙi, wanda ko gwani sai ya yi da gaske zai gane. In an turo miki hoton maigidanki ko surukarki ko 'yar maƙwabta a wani hali, ki tuna aya ta 6 ta Suratul Hujurat da ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. Kada ki tura wa kowa, kada ki kashe aure a kan hoto.

Kammalawa

'Yar uwa, in kin ƙware a wannan aiki, ba kanki kaɗai kika rufa wa asiri ba. A kowace unguwa ana suna, ana biki, ana sauka, kuma mata da yawa za su fi son su kai hotunansu wurin mace 'yar uwarsu. Da izinin maigida, kina ɗakinki za ki riƙa tsara kati da kalanda, a kai wa masu injin bugu abin da aka gama kawai. Kin sami na sabulu, su ma sun sami nasu, mutuncin mata kuma ya tsira. Sharaɗin dai shi ne ke ma ki goge abin da aka kawo miki da zarar an gama, kada a gudu a faɗa gidan jiya.

Aikin gida: ki ɗauki hoto uku da ba su da abu mai rai, misali allo, da kwalbar tawada da alƙalami, da wata bishiya ko fure. Ki haɗa su a A4, ɗaya da giradiyen, ɗaya da burushi. Sannan ki amsa wa kanki waɗannan:

1. Wane launi ke ɓoyewa a kan lulluɓi, wanne ke bayyanawa?

2. Me ya sa ba a kai fayil ɗin PSD shago?

3. Su wa aya ta 31 ta Suratun Nur ta lissafa? Ki buɗe tafsiri ki rubuta su.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya suturta mu duniya da lahira, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya a gidajen aurenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.